Yadda Ake Noma a Gangaren Dutse a Jos Ba Tare da Ruwa Ya Kwashe Gonar Ba

Daren da aka yi ruwan da ya koya mini noman gangare, ina gida ina shan shayi ina murna. Watan Yuli ne, dankalin Turawan da na shuka ya rufe kunya, ina jin ruwa na dukan kwano ina cewa kuɗi ne ke sauka. Da gari ya waye na hau babur na nufi gona, sai na tarar kunyoyin da ke ƙasa rabinsu babu. Jerin duwatsun da na biya 'yan ƙodago suka tara mini a gindin gona ya fashe ta tsakiya, jar ƙasa ta malale har kan hanya, ga 'ya'yan dankali kamar ƙwan zabi a fili rana na dukansu. Dattijon da muke iyaka da shi, wanda a kan duwatsun nan aka yanke masa cibiya, ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Ɗana, wa ya gaya maka a ƙasa ake tare ruwa? Kafin ya iso nan ai ya zama bijimi. Tun yana maraƙi ake sa masa igiya, can sama." Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba." Ya ce, "To yanzu ka sani, kuɗin makaranta ma ka biya."

Ka yi lissafin da kanka ka gani. Jos na samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Ke nan idan aka sheƙa milimita 50 a dare guda, lita 500,000 ce ta sauka a hektarka. A fili mai shimfiɗa ruwan zai kwanta ya nutse. A gangare kuwa gudu zai yi, kuma ba ya tafiya hannu rabbana: ƙasar sama mai albarka da takin da ka saya da tsada yake ɗauka ya kai wa mai fadama kyauta. Duk abin da zan faɗa a nan a kan wannan yake: ka rage wa ruwa gudu tun daga sama, sannan ka yi maganar shuka.

Kafin ka ɗaga dutse ko ɗaya

Fara da maganar mallaka. Aikin gyaran gangare ba ya biyan mai shi a damina ɗaya, sai an yi uku ko huɗu kake ganin ƙasa ta taru a bayan jeri. Idan gonar aro ce ko haya, ku zauna da mai ita gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta shekarun da za ka yi, aƙalla 5, a kuma rubuta yadda za a yi da itatuwan da za ka dasa. Na ga wanda ya gyara gona ta yi kyau, shekara na zagayowa mai ita ya ce ɗansa ya dawo daga birni yana son noma. A tambayi kuma inda burtali yake da inda ake shayar da shanu. A Filato ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba kan abin da rashin wannan tambaya ke jawowa.

Sannan ka zagaya gonar da ƙafa, da sanda a hannu. Tun farkon ƙarni na 20 ake haƙar kuza a ƙasar nan, kuma akwai tsofaffin ramuka da ciyawa ta rufe bakinsu, musamman wajajen Bukuru, Rayfield da Barikin Ladi. Ka sa alama a duk wanda ka gani.

Abu na uku, kuma wanda mutane ke ƙyashin yi: ka je gonar lokacin da ake tsaka da ruwa. Ka sa rigar leda ka tsaya ka kalli ta inda ruwa ke shigowa daga saman dutse, inda yake haɗuwa, da inda yake fita. Awa guda a cikin ruwa ta fi maka zagaye goma da rani.

Auna gangaren

Ba sai da injiniya ba. Sami igiya mai tsawon mita 10. Mutum ɗaya ya danne bakinta a ƙasa ta sama, ɗayan ya gangara da ɗaya bakin ya ɗaga shi har igiyar ta miƙe daidai, a duba da ɗan lebur irin na magina. Auna daga hannunsa zuwa ƙasa. Idan mita 1 ce, gangarenka kashi 10 ne cikin 100. Idan rabin mita ce, kashi 5. Idan mita 2 ce, kashi 20.

Wannan adadi shi zai gaya maka tazarar jerin duwatsunka. Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce: duk inda ƙasa ta sauka da mita 1, a yi jeri. A gangare mai kashi 5, jeri kowace mita 20 ke nan. Mai kashi 10, kowace mita 10. Mai kashi 20, kowace mita 5. Wurin da ya wuce kashi 30, ni dai shawarata ka haƙura da fartanya a can, ka bar wa itatuwa da ciyawa. Za ka sha wahalar huɗa, ruwa ya kwashe, ka sake, har ka tsufa.

Ƙafar awo

Ido yana ƙarya a kan gangare. Layin da ka rantse daidai yake, ruwa zai nuna maka ya karkace. Don haka ake haɗa wani ɗan abin awo mai kama da harafin A, kuma ba ya cin ko sisi in kana da sanduna.

Sami sanduna biyu miƙaƙƙu masu tsawon mita 2 kowace, ka haɗa kawunansu da ƙusa, ka buɗe ƙafafun har tsakaninsu ya kai mita 2. Gicciya sanda ta uku a tsakiya ka buga ta da ƙusa don kada su motsa. Ɗaura zare a ƙusar sama, ka rataya dutse a ƙarshensa ya sauko ƙasa da sandar giccin. Yanzu saura gano tsakiya, kuma nan ne da yawa ke kuskure, su ɗauki tef su raba sandar biyu su ce sun gama. A'a. Tsayar da abin a ƙasa, ka sa alama a inda kowace ƙafa ta taka, ka bari zaren ya daina lilo, ka zana inda ya tsaya a jikin sandar gicci. Juya abin, ƙafar dama ta koma gurbin ta hagu, ta hagu ta koma na dama, ka sake zanawa. Tsakanin zane biyun nan shi ne daidai. Yi masa tsaga da wuƙa.

Wajen aiki, kafa turke a gefen gona, ka ɗora ƙafa ɗaya a gindinsa, ka riƙa matsar da ɗayar sama ko ƙasa har zare ya hau tsagar. Kafa turke a nan. Juya abin kamar mai buɗe ƙofa, ka ci gaba har ka kai ɗaya gefen. Layin zai fito a lanƙwashe kamar tafiyar maciji. Haka ake so. Idan wani turke ya yi tsalle ya fita daga sahu sosai, ka ɗan gyara shi da ido.

Ga wani abu da ya shafi Jos musamman. A wuraren da ruwa ke ƙaranci, so ake layi ya kwanta daidai ya riƙe kowane ɗigo. Mu nan a watan Agusta ruwa yawa yake mana, kuma dankali ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Don haka magudana da kwarin kunya suna buƙatar ɗan karkata kaɗan, kamar kashi 1 cikin 100, don ruwa ya fita yana tafiyar hawainiya. Yadda ake samun wannan: bayan ka gano tsagar tsakiya, ka buga ɗan katako mai kaurin santimita 2 a ƙasan ƙafa ɗaya. Wannan doguwar ƙafa kullum ita ke fuskantar inda kake son ruwa ya fita, saboda haka ba za ka riƙa juya abin ba, ɗaga shi za ka yi ka matsa gaba.

Daga sama ake farawa

Aikin farko shi ne magudanar da za ta tare ruwan da ke gangarowa daga dutse kafin ya shigo gonarka. Haƙa ta a can saman iyaka, faɗi kamar santimita 60, zurfi 40 zuwa 50, ka zuba ƙasar da ka haƙo a gefen ƙasa ka daddanne ta zama ganuwa. Ka karkatar da ita zuwa hanyar ruwa ta asali, wato rafi ko kwarin da ruwa ya saba bi. Kada ka kuskura ka juya ta cikin gonar maƙwabci ko kan hanyar mutane. Ba a daɗe ana gaisawa bayan irin wannan.

Hanyar da ruwan zai bi ya sauka kuma kada a nome ta. A bar ta da ciyawa, inda ta yi tsayi sosai a shimfiɗa duwatsu kamar matakala.

Daga nan sai jerin farko, na biyu, kana sauka. Idan ƙarfinka na jeri uku ne kawai a bana, to ukun sama za ka yi, na ƙasa su jira baɗi. Ni na yi akasin haka, kun ji yadda ta kaya.

Lokacin aikin shi ne Janairu zuwa Maris, ƙasa a bushe, hannu ba ya cikin noma. Bi layin turakunka ka haƙa ɗan rami mai zurfin santimita 10 zuwa 15, faɗi kamar rabin mita, ya zama tushe. Manyan duwatsu a ƙasa kuma ta gefen gangare, matsakaita a kansu, kowane dutse ya hau kan mahaɗar biyu na ƙasa da shi kamar yadda magini ke jera bulo. Jikin jerin ya ɗan jingina ga tudu, kada ya tsaya cak. Ƙananan duwatsu da tsakuwa a cusa su ta gefen sama, su ne rariyar da ke tace ƙasa ta bar ruwa ya wuce. Tsayin gwiwa ya isa a shekarar farko. Ƙasa na taruwa kana ƙara layi, har wata rana ka ga tsakanin jeri da jeri ya kwanta ya zama dandamali.

Wannan ba fasahar da aka kawo a mota ba ce. Wanda ya taɓa bi ta Pankshin ya ga yadda Angasawa suka yanka jikin duwatsu hawa-hawa tun kaka da kakanni, haka ma mutanen Kofyar a ƙasar Qua'an Pan, waɗanda ke haɗa dandamali da takin awakin da suke ɗaurewa a gida, suna noma wuri ɗaya shekara da shekaru bai gaji ba. In ka samu ɗan can cikin masu yi maka aiki, ka ba shi jagoranci, kai ka riƙe kwanon ɗibar tsakuwa. Kuma aikin dutse aikin gayya ne. Ku haɗu ku biyar ko shida masu gonaki a gangare ɗaya, yau gonar wannan gobe ta wancan, domin ruwan da ya ɓalle a gonar na sama kai zai faɗo wa.

Inda dutse ya yi ƙaranci, ciyawa na yin aikin. Jema ta fi, saboda saiwarta ƙasa take nitsawa ba ta yaɗuwa cikin shuka, kuma dabbobi ba su cika damunta ba. Gamba ma tana yi, ga ta abincin dabba ga ta zana. Da ruwa ya zauna, ka tsattsaga tushen, ka dasa biyu-biyu ko uku-uku, tazarar yatsu huɗu zuwa taƙi ɗaya, a kan layin. Duk inda ya mutu ka cike gurbin nan take, don ƙofa ɗaya ta ishi ruwa ya yi kwazazzabo. Ni ina haɗa duka biyun: dutse, da layin jema a bayansa.

Idan kwazazzabo ya riga ya buɗe, kada ka tsaya cika shi da shara. Yi masa ƙananan madatsai na dutse daga sama zuwa ƙasa, tsakiyar kowace ta fi gefunanta gajarta don ruwa ya tsallake ta tsakiya, ka shimfiɗa duwatsu a inda ruwan zai faɗo. A bakinsa a dasa gora ko ayaba.

Ciyar da ƙasar

Yawancin ƙasar da ke kewayen Jos daga ƙaton dutsen nan mai ƙyalli ta samo asali, tana da tsami kuma ba ta da ƙiba. Masu sa'a su ne na wuraren da dutse ya taɓa aman wuta, irin su Panyam, Kerang da Miyango, inda ƙasa ke da zurfi da ƙarfi. A ƙasa mai tsami, ko ka zuba takin zamani shuka ba ta cin moriyarsa yadda ya kamata. Shi ya sa masu lambu a bakin rafin Dilimi suka daɗe suna sayen tokar bola daga cikin gari, toka na kashe tsami. Dabarar tana aiki, amma bolar yau ba ta jiya ba ce: cike take da leda, batir da kwalba. In za ka yi amfani da ita ka tankaɗe, kuma tokar murhu ko ta gidan burodi ta fi mini kwanciyar hankali. Kada ka yi wa dankali yawan toka, yana sa fatarsa ƙazuwa.

Kashin kaji kuwa Jos ba ta rasa shi, gidajen kaji ko'ina. Sai dai ɗanye yana ƙona shuka. Tara shi a inuwa, ka gauraya da ciyawa ko ƙaiƙayi, ka yayyafa ruwa, ka juya duk mako biyu, bayan wata ɗaya da rabi zuwa biyu zafinsa ya fita. Ka ajiye tulin a saman gona, ba a ƙasa ba. Saukar da buhu ya fi hawa da shi sauƙi, kuma ruwan da ya tsiyaye daga tulin gonarka zai shiga.

Kar ka ƙona karan masara da ciyawar da ka share. Jera su a bayan duwatsu. Takin zamani kuma a gangare ba a watsa shi, binnewa ake yi a gefen shuka, kuma a raba shi biyu. Wanda ya watsa buhu guda da yamma aka yi ruwa da dare, ya yi sadaka ba da niyya ba.

Me za a shuka, a ina

Jos na sama da mita 1,200 daga doron teku, tsaunukan Shere ma sun haura 1,800. Sanyin nan shi ne jarinmu: abin da ba ya yi a Kano ko Lafiya yana yi a nan. Amma gona ɗaya a gangare kamar gona uku ce.

Can sama, inda ƙasa ba ta da zurfi kuma ta fi bushewa, wurin itatuwa ne da acca. Fiya, mangwaro, gwaiba, lemo, atili in kana da haƙurin jira. Kowace bishiya a yi mata ɗan dandamalinta mai siffar rabin wata, buɗe ta sama. Ka nisanta bishiyar turare daga inda kake shuka. An dasa ta da yawa a tsofaffin filayen kuza kuma tana da kuɗi a wajen masu gini, amma tana shanye ruwa, ƙarƙashinta ba abin da ke yin kirki. Acca kuwa ba ta raina ƙasa, tana rufe wuri ruf kamar tabarma ta hana zaizaya, kuma yanzu da masu ciwon suga ke nemanta a birane ta daina zama abincin talaka. Wahalarta a sussuka da surfe take. Tamba da rizga ma suna jure irin wannan wuri.

Tsakiya, inda dandamali suka fi faɗi, nan ne wurin dankalin Turawa da masara da waken suya. Ƙasa kuma, inda laima da ƙasa mai kyau ke taruwa, kabeji, karas, koren wake, koren tattasai, latas, da gwaza a inda ruwa ke kwanciya.

Iyaka a kewaye ta da ƙyarana kamar yadda Birom ke yi. Ba akuyar da ke ratsa ta. A dai kiyaye ruwanta da ido, kuma a gargaɗi yara.

Dankali, tunda shi ne mai kawo kuɗin

Asarar dankali daga iri take farawa. Abin da aka saba shi ne a sayar da manya a ajiye ƙanana a matsayin iri, shekara bayan shekara, alhali sau da yawa ƙanƙantar tasu alamar cuta ce. Nemi iri mai tsabta. A Kuru akwai tashar binciken dankali ta cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Umudike, kuma malaman gona na PADP, wato shirin bunƙasa noma na jihar Filato, za su iya nuna maka masu ninka iri na gaskiya. Nicola da Marabel suna cikin irin da kasuwa ta sani. Ko ba ka iya sayen na gona duka ba, sayi kaɗan ka ninka a dandamali ɗaya na can sama, inda ruwan wata gona ba ya ratsawa.

Iri mai girman ƙwan kaza, mai tsiro gajere kakkaura kore, shi ake so, ba mai dogon farin tsiro da ya fito a cikin duhun buhu ba. Tazara santimita 75 tsakanin kunya, 30 tsakanin shuka. Hakan na ba da gindi kusan 44,000 a hekta, kuma in kowane iri ya kai giram 50, kana buƙatar fiye da tan 2. Ka cire wurin da jerin duwatsu suka cinye kafin ka yi sayayya.

Kunya ta bi layin jerin duwatsu, a gicciye. Na san dalilin da ya sa ake huɗa daga sama zuwa ƙasa: ya fi sauƙi a baya, kuma ruwa ba ya kwanciya. Amma kowane kwarin kunya ya zama lambatu ke nan. Ɗan karkatan nan na kashi 1 shi ke raba gardama.

Shuka da wuri, ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu da zarar ruwa ya zauna, don dankali ya yi 'ya'ya kafin marka ta kankama. Cikin kwana 90 ko ɗan fiye ya nuna. Da yawa suna soka masara a gefen kunya bayan dankali ya fito, in an haƙe shi a Yuli ko Agusta masara ta gaji wurin, ƙasa ba ta zauna tsirara ba a lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. Wannan dabara ce mai kyau a gangare. Ka yi masa tarin ƙasa sau biyu, don ruwa na zaftare kunya, kuma ɗan da rana ta gani kore yake zama, ba mai saye.

Babban abokin gaba shi ne cutar ƙonewar ganye, wadda ta sha durƙusar da manoman Bokkos da Mangu. Sanyi, hazo da ganye mai jiƙe take so, wato daidai yanayinmu na Yuli. Za ka ga baƙin tabo kamar an zuba ruwan zafi a gefen ganye, ƙasansa da farin gari-gari da sassafe. Cikin mako guda tana iya cinye gona. Ba a jiran ganinta. Tun shuka na taƙi ɗaya ake fara feshin rigakafi da mancozeb duk kwana 7, in yanayi ya ɓaci a sa mai shiga jiki irin su Ridomil Gold, amma kada a maimaita shi kullum don cutar na sabawa da shi. Bi awon da ke jikin leda, fesa har ƙasan ganye, rufe hanci da hannu, kuma kada a wanke tankin feshi a rafi ko kududdufin da ake sha.

Ta biyu ita ce cutar yaushi. Gindi ɗaya zai yi laushi alhali ƙasa da laima. Yanke karan ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa, in ka ga wani farin abu na zarara kamar zare, ita ce. Ba ta da maganin feshi. Tuge gindin da ƙasarsa ka fitar daga gona. A gangare ta fi haɗari, don ruwa na ɗaukar ta daga dandamalin sama zuwa na ƙasa. Wurin da ta kama a huta da dankali shekara 3 ko fiye, kuma tumatir, tattasai, attaruhu da yalo duk dangi ɗaya ne da shi, ba sa cikin abin da za a canza da su. Masara, acca, wake ko kabeji za a sa.

Saura kwana 10 zuwa 14 a haƙa, yanke ganyen don fata ta yi ƙwari. Haƙa ranar da ba ruwa, ka bar shi ya sha iska a inuwa.

Rani

Wanda ke kusa da kududdufin kuza ko rafi, ranin Jos ya fi masa damina. Cutar ganye ta yi sauƙi, kaya sun fi kyau. Ana shuka daga Oktoba zuwa Nuwamba a kwashe a Janairu ko Fabrairu. Masu sitiroberi na wajen Vom ma a wannan lokaci suke cin kasuwarsu. Abin da ke cinye riba shi ne man inji. Maimakon ka riƙa bin kowace kunya da tiyo inji na kuka, ɗora tanki ko ka gina wurin tara ruwa a saman gona, ka tura ruwa sau ɗaya, gangare ya raba maka shi kyauta. Tiyon ɗigo irin na ƙananan lambu tsayin mita 1 zuwa 2 ya ishe shi aiki. Kududdufan nan dai suna da zurfin da ba a zato, gefensu kuma yana zaftarewa, kada a aiki yaro shi kaɗai ya tayar da inji.

Kasuwa da littafi

A Yuli da Agusta kowa ke haƙa, kasuwannin Maikatako da Mangu su cika, farashi ya faɗi, kuma dankalin damina ba ya jure ajiya balle ka ce za ka jira. Hanyoyin kauce wa wannan uku ne da na gwada: riga mutane shuka ta hanyar ba da ruwa mako biyu ko uku kafin damina ta zauna, karkata ƙarfinka zuwa rani, ko ka koma mai sayar da iri. Ɗakin ajiyar iri ba wani abu ba ne: rumfa mai iska, haske na shiga amma ba rana kai tsaye ba, da katakai hawa-hawa, a baza dankali kada ya wuce biyu ko uku a kan juna. Lokacin shuka, mai iri mai kyau shi ke faɗin farashi.

Kayan lambu kuma kada ka shuka gaba ɗaya. Dandamali ɗaya yau, wani bayan mako biyu, don kada ka wayi gari da kabeji mota guda ranar da kasuwar Farin Gada ta cika ta batse, dillali na yi maka kallon tausayi. Ka ware manya, matsakaita da ƙanana, kowane da buhunsa. Cusa ƙanana a tsakiya a rufe da manya sau ɗaya yake ci. Idan kun kai ku huɗu ko biyar, ku haɗa kaya ku nemi mai saye tsayayye a Abuja, mai otal ko mai suyar dankali, mota ta bi ta Akwanga da Keffi ta sauke masa duk mako. Ku yi maganar ranar biya tun kafin kaya su hau mota.

Sayi littafi mai layi na 'yan makaranta, ka ba kowane dandamali lamba daga sama, ka ware masa shafi. Rubuta abin da ka shuka, ranar shuka, iri, taki, magani, mai, ƙodago, dako, la'ada, har da kuɗin babur ɗinka, da buhu nawa ya fita da nawa aka saya. Kuɗin jera duwatsu kada ka ɗora wa shekara ɗaya, raba shi gida 10. A shafin ƙarshe ka riƙa rubuta inda jeri ya fashe bayan kowane babban ruwa, ka je ka gyara kafin na gaba. Ni a nawa littafin, dandamali na 4 ne ya fi yawan fitowa a wannan shafi, har na gano wani ɗan ruwa ne ke ɓullowa daga ƙarƙashin dutse a wurin. Na daina faɗa da shi, na haƙa masa ɗan gurbi, na dasa gwaza da ayaba uku.